Yadda za ki ɗinka kabewar ƙyalle don adon lokacin kaka

'Yar'uwa, kin ce maƙwabtanki a Amurka sun cika ƙofar gida da kabewa tun watan Satumba, ke ma kina son adon da za ki ɗinka da hannunki. Ki fara da kabewar ƙyalle. Ba ta ruɓewa, baɗi ma sai dai ki kakkaɓe ta.

Ki yanka ƙyalle mai tsawo ninki biyu na faɗinsa, misali santimita 40 da 20. Ki haɗe gajerun bakunan ta ciki ki ɗinke. Sai ki bi gindin da manyan ɗinki, ki ja zaren ya tattare, ki ƙulle. Ki juya, ki cusa auduga sosai, ki tattare saman shi ma. Aikin na nan gaba: ki sa zare mai kauri a doguwar allura, ki soka ta tsakiya daga sama ta fito ƙasa, ki zagayo ta waje, ki ja da ƙarfi. Sau 6 ko 8 za ki yi, shi ke fitar da tsagin kabewa. In zaren siriri ne, tsinkewa zai yi. Ki manna guntun kirfa a matsayin kara, ga ƙamshi kuma.

Launi kuwa, ruwan goro, ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. Ni dai na fi son karan-miski, amma ragowar atamfa na yin kyau ƙwarai. Ki jera uku a faifai, za su kai ki har bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba.