Ɗana zai cika shekara 26, za a cire shi daga inshorar lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka. Ɗanmu yana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, kuma saura wata biyar ya cika shekara 26. Yana cikin inshorar lafiyar da maigidana ke samu a wurin aiki, an ce da ya cika za a cire shi. Ina mafita? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da ladan ɗawainiya. Mafita akwai, amma a fara nema tun yanzu, kada a jira ranar.

Dokar lafiya ta 2010 da ake kira Obamacare ta wajabta a bar 'ya'ya cikin inshorar iyayensu har zuwa shekara 26. Bayan nan ba ta ce komai ba. Sai dai tsare-tsare da yawa suna ci gaba da riƙe ɗa mai nakasa idan lalurar ta same shi kafin ya kai shekarun, ba ya iya ciyar da kansa, kuma iyaye ke ɗauke da shi. Jihohi da dama sun mayar da hakan doka, amma dokar jiha ba ta hawa kan kamfanin da ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansa daga aljihunsa. Don haka maigida ya tambayi ofishin kula da ma'aikata wane iri ne nasu, ya karɓi fom ɗin ɗa mai nakasa.

A fom ɗin nan ne aka fi yin asara. Likita yakan rubuta sunan ciwo kawai ya sa hannu, masu inshora kuwa su ƙi. Ki roƙe shi ya fayyace: yaushe lalurar ta fara, ɗan ba ya iya shan magani sai an ba shi, ba ya iya riƙe kuɗi, ba ya iya zuwa asibiti shi kaɗai. Wa'adin miƙawa galibi kwana 31 ne bayan cikar shekarun, idan ya wuce kuwa da wuya a mayar da shi. A miƙa da wuri, a ajiye kwafi, a nemi amincewa a rubuce. Wasu suna neman a sabunta shaidar lokaci-lokaci. Kafin maigida ya canza aiki, a tabbatar sabon tsarin zai karɓe shi.

Idan an ƙi, a ɗaukaka ƙara. Kafin a yanke hukunci, wata dokar tarayya mai suna COBRA tana ba shi damar ci gaba da zama cikin inshorar har wata 36 idan kamfanin yana da ma'aikata 20 ko fiye, amma ku za ku biya kuɗin duka, har kashi 102 cikin ɗari. Kwana 60 ake bayarwa a zaɓa.

Shawararmu, kada a dogara da inshorar aiki kaɗai, domin ritaya ko sallama na iya yanke ta. A nema masa tallafin SSI, kuɗin da gwamnati ke ba masu nakasa marasa hali duk wata: tunda ya wuce shekara 18, ba a lissafa kuɗin iyaye, kuma a yawancin jihohi yana zuwa da Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Dukiyarsa kada ta haura dala 2,000. Kyautar dangi a zuba ta a asusun ABLE, wato asusun ajiya na musamman na masu nakasa. Sannan da yake lalurar ta fara kafin shekara 22, idan uba ko uwa ta fara karɓar fanshon gwamnati na Social Security, ko ɗayansu ya rasu, zai iya samun alawus da sunansu, bayan wata 24 ya shiga Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da masu nakasa. Aure na iya soke wannan alawus, sai a bincika kafin a ɗaura.