Tsadar tikiti da rage hidima: suna korar mutane daga wuraren shaƙatawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani wurin shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa. Masu wurin sun ƙara kuɗin shiga sau biyu cikin shekara guda, sun rage ma'aikata, yanzu kuma muna tashi awa biyu kafin lokacin da muka saba. Da na yi magana sai a nuna min layi a ce, "Ga mutane nan, ina matsalar?" Hankalina ya ƙi kwanciya. Waɗannan matakai suna rage masu zuwa, ko ni ne na cika tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka na kan hanya. Suna ragewa, sai dai ba a rana ɗaya ake ganin ɓarnar ba.

Ƙarin kuɗi kaɗai mutane kan haɗiye shi. A 1971 dala 3.50 ake biya a shiga Disney World, babban wurin shaƙatawa na kamfanin Disney a Amurka, kodayake kuɗin hawa lilo daban yake a lokacin. A Oktoban 2024 tikitin ranar cunkoso a Disneyland, wani wurin shaƙatawar na Disney, ya kai dala 206, kuma ba a daina zuwa ba. Abin da ba a yafewa shi ne a ƙara kuɗi sannan a janye abin da aka saba samu kyauta. A 2021 Disney ya soke FastPass, tsarin tsallake layi na kyauta, ya kawo Genie+ na biya. A farkon 2022 ya tsayar da motar da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi. Ƙorafi ya yi yawa, har a Janairun 2023 aka soke kuɗin ajiye mota a otal-otal ɗin Disney World, shugaban kamfanin na lokacin Bob Iger kuma ya amsa cewa sun ɗan zarce wajen tsawwala farashi.

Wanda bai kai Disney ƙarfi ba kuwa ya fi jin jiki. A 2022 Six Flags, wani kamfanin wuraren shaƙatawa a Amurka, ya ƙara farashi ya yanke rangwame. Abin da kowane baƙo ke kashewa ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100, amma masu zuwa sun faɗo daga miliyan 27.7 zuwa miliyan 20.4, kuɗin da kamfanin ya samu gaba ɗaya ya ragu da kashi 9.

To, mu dawo kan layin nan da ake nuna maka, domin wannan hujja ta ishe ni. Kullum sai an kawo ta, har daga bakin masu kiran kansu ƙwararru da ba su taɓa tsayawa da agogo a bakin lilo ba. Tsawon layi ba ya nuna yawan mutane; yana nuna yawan mutanen da aka kasa ɗauka. Ɗauki jirgin wasa mai taragu uku da ke kwashe mutum 1,200 a awa. Aka rage ma'aikata, aka ajiye tarago ɗaya, ya koma 800. Mutum 800 da a da za su jira minti 40 yanzu awa guda cur za su yi. Ko mutum ɗaya bai ƙaru ba, amma layi ya zagaye shinge, manaja ya leƙo ta taga yana murmushi. Rage awa biyu ma haka yake yi: ya cusa mutanen yini guda cikin ɗan lokaci. In kuma kuna sayar da tikitin tsallake layi, duk kujerar da aka ba mai biya daga layin talaka aka ciro ta. Ke nan wuri zai iya rasa baƙi layinsa na ƙara tsawo. Uban da ya biya wa yara huɗu, suka wuni a rana suka hau abu uku kacal, ba zai zo ofis ya yi faɗa ba. Zai kwashi 'ya'yansa ya tafi, baɗi ba za ku gan shi ba. Kuma da yake iyalai kan tsara irin wannan fita tun da wuri, sai kakar gaba giɓin zai bayyana, lokacin an riga an ɗora laifin kan ruwan sama.

Kada ka je musu da baki, je da lissafi. Ciro adadin da na'urar ƙofa ta ƙirga, ka kwatanta kowace rana da takwararta ta bara: Asabar da Asabar, hutu da hutu. Raba jimillar hawan da aka yi a yini da yawan waɗanda suka shigo, ka ga abu nawa kowane baƙo ya hau. Idan wannan adadi yana sauka kuɗi na hawa, nan ciwon yake. Sai ka duba mutum nawa cikin masu tikitin shekara suka sabunta, don su ne ke fara janye jiki. In dole sai an ƙara kuɗi, a ƙara a ranakun cunkoso a sassauta ranakun aiki, kamar yadda Disney ya fara a 2016, kuma a maido da taragon nan na uku kafin a taɓa farashi.