Digiri ya ishi mutum ya zama manajan ramin kwal? Bayani kan jarrabawar manajoji da ta direbobin injin jan keji

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne daga Gombe, ina ajin ƙarshe a fannin injiniyan ma'adinai. Na ga wata sanarwa daga Indiya ta jarrabawar manajojin ramin kwal da ta masu tuƙa injin da ke sauke ma'aikata cikin rami, kuma na ga har masu digiri suna zama. Shin digirin bai isa ba ne? Kuma shi wancan injin me ke cikinsa da har sai an yi jarrabawa ta musamman, ba danna maɓalli ba ne kawai? Na gode.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a gama lafiya. Kai tsaye, a'a, digiri bai isa ba, kuma ni ina bayan wannan tsarin ɗari bisa ɗari. Digiri shaida ce ta cewa ka yi karatu. Satifiket ɗin da ake samu in an ci wannan jarrabawa kuwa izini ne daga gwamnati, da sunanka a kai, cewa an yarda a damƙa maka rayukan mutane ɗari biyar ko dubu da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma in abu ya ɓaci kai hukuma za ta nema, kuma tana iya dakatar da takardar ko ta ƙwace ta gaba ɗaya ko da digirinka na nan a rataye a bango.

Abin daga Birtaniya ya faro, kuma da jini aka rubuta shi. A 1862 a ramin Hartley da ke arewacin Ingila, wani ƙaton ƙarfe na injin fitar da ruwa ya karye ya faɗa cikin rijiyar shiga ramin, wadda kuma ita kaɗai ce hanyar shiga da fita, ya toshe ta, mutum 204 suka rasu a ciki, manya da yara. Daga nan doka ta ce dole kowane rami ya samu hanyar fita biyu. A 1872 aka yi dokar da ta ce babu mai riƙe ramin kwal sai yana da satifiket, a 1887 aka ƙaro na mataki na biyu don mataimakan manaja. Kafin nan mai rami yana iya ɗauko ɗan'uwansa ko duk wanda ya fi iya matsa wa leburori ya ce kai ne manaja. Ko bayan dokar ma hukuncin bai taka kara ya karya ba, a 1913 ramin Senghenydd a Wales ya fashe mutum 439 suka mutu, tarar da aka ci manajan fam 24 ce. Abin da ciwo wallahi. Amma dai an kafa ƙa'idar cewa akwai mutum ɗaya da za a kira da suna a tambaye shi.

Indiya ta gaji tsarin daga Turawan mulkin mallaka ta kuma faɗaɗa shi. Hukumar da ke shirya jarrabawar ita ce DGMS, hukumar tsaron ma'adinai da ke ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, hedikwatarta a Dhanbad a jihar Jharkhand, tsakiyar ƙasar kwal ɗin su ke nan. An gina abin ne a kan dokar ma'adinai ta 1952, sai ƙa'idojin ramukan kwal na 1957 waɗanda aka sake a 2017. Kuma su ma sun sha wuya, a kusa da Dhanbad ɗin ne, a Chasnala, ruwan da ya taru a wani tsohon rami ya ɓalle ya cika sabon a watan Disamba na 1975, sama da mutum 370 suka tafi. Shi ya sa in ka ga suna tsananta tambaya a kan taswira da awo da tsofaffin ramukan da aka bari, ba son wahalar da ɗalibi ba ne.

Takardun hawa-hawa ne. Akwai na shugaban rukunin ma'aikata a bakin aiki, akwai na wanda ke samansa mai kula da sashe, akwai na safiyo mai awo da zana taswira, akwai na gwajin iskar gas, sannan na manaja mataki na biyu da na manaja mataki na ɗaya, wanda shi ne ke ba ka damar riƙe babban rami. Akwai kuma satifiket ɗin da aka taƙaita ga ramin da ake haƙa daga sama a fili kaɗai, mai shi ba zai riƙe na ƙarƙashin ƙasa ba. Kafin ma a ba ka kujerar jarrabawa sai ka kawo shaidar ka yi aiki a cikin rami na tsawon lokacin da aka ƙayyade, manajan wurin ya sa hannu, da takardar taimakon gaggawa, da ta likita. Fannonin da ake tambaya su ne hanyoyin haƙar kwal da tokare rufin rami, shigar iska da fitarta, injuna da lantarki, awo, sai tafiyar da rami da doka da tsaro. Mai digiri daga jami'ar da suka amince da ita ana ɗauke masa wasu fannonin jarrabawar, amma in yana neman mataki na ɗaya sai ya zauna ya rubuta ta doka da tsaro. Yanzu a kwamfuta ake yin ta.

Bari in tsaya a kan iska kaɗan, don nan ne ake gane wanda ya san aiki. Kwal yana fitar da iskar gas ta metan, ba ta da wari ba ta da launi, kuma in ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, ɗan tartsatsi kaɗai ya isa. Ta fi iska rashin nauyi, don haka a rufi take taruwa, wanda ya auna a daidai ƙirjinsa ya ce lafiya lau to ya yaudari kansa. Fashewar farko kuma sau da yawa ba ita ce mai ɓarnar ba, ita tana tayar da ƙurar kwal da ta kwanta a ƙasa da bango ne, ƙurar ta kama, wutar ta bi ramin tana ciyar da kanta, bayan nan kuma sai iska mai guba, irin dai wadda hayaƙin janareta ke kashe mutane da ita a ɗaki, ta bi sauran da wutar ba ta taɓa ba. Shi ya sa ake watsa garin dutse ana yayyafa ruwa. Duk wannan ka karanta a aji na sani. Abin da jarrabawar ke nema shi ne, ƙarfe biyu na dare an bugo maka an ce babbar fankar ta tsaya, mutum ɗari uku na ciki, me za ka fara yi, wa zai yanke lantarki, ta wace hanya za a fito da su, yaushe ya halatta a koma, wa doka ta ce ka sanar. Kuma mai kamfani yana kan waya yana tambayar tan nawa aka fitar yau. Manajan da ba shi da takardar da yake tsoron rasawa, cikin sauƙi za a tanƙwara shi.

To sai direban injin, wanda ka ce ko danna maɓalli ne. Ramin da ke da zurfi ta rijiya ake shigarsa, miƙaƙƙiya tsaye, wata ta kai ɗaruruwan mita wata ta haura kilomita. Ana sauka a cikin keji na ƙarfe da ke rataye a igiyar waya mai kauri, igiyar ta hau saman hasumiya ta bi ta kan wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa ta gangaro ta naɗu a wata ƙatuwar ganga a ɗakin inji. Kamar guga da igiya ne, illa dai wannan gugan mutane ne a ciki. Shi direban yana zaune a ɗakin injin, ba ya ganin kejin kwata-kwata. Abin da ke gabansa hannun birki, hannun ba da wuta, wani agogo mai nuna inda kejin ya kai, alamun fenti a jikin gangar, sai ƙararrawa. Mutum ɗaya a bakin rijiya, ɗaya a ƙasa, su ke buga masa. A tsarin Indiya bugu ɗaya in injin na tafiya yana nufin tsaya, in yana tsaye yana nufin ja sama, bugu biyu sauke, bugu uku mutane ne za su shiga. In bai ji da kyau ba, ba ya motsawa sai an sake. Ba ya barin kujerarsa muddin akwai mutum a cikin rijiya, ba a shiga a zauna ana masa hira, ba a barinsa ya zarce awa takwas, kuma likita na duba idonsa da kunnensa a kai a kai. In an yi gyara ko an daɗe a tsaye, sai ya kai kejin ƙasa ya dawo da shi babu kowa a ciki kafin a ɗauki mutane. Ana tambayarsa birki, da igiya da yadda ake duba ta da yanke bakinta a sake ɗaurewa, da na'urar da ke hana keji wuce iyaka ya daki hasumiya, da ƙugiyar da ke sakin igiya ta riƙe kejin in hakan ta faru.

Ka dubi abin da ya auku a ramin Markham a Ingila ranar 30 ga Yuli 1973. Keji mai hawa biyu na sauka da mutum 29, direban ya ja birki, wani sandan ƙarfe guda ɗaya da duk birkin ya dogara a kansa ya karye saboda tsagar da ta daɗe tana cinsa a ɓoye. Ya danna maɓallin gaggawa, wanda ya yanke lantarki, lantarkin kuma shi ne sauran abin da ke iya rage gudun. Kejin ya daki ƙasa, 18 suka rasu, 11 suka ji munanan raunuka. Ƙirar injin ce ta gaza, kuma bayan nan aka bi injunan ƙasar ana gyara birkinsu don kada ya rataya a kan ƙarfe ɗaya. Amma ka ga duka-duka ƴan daƙiƙoƙi ne mutumin yake da su, ka ga kuma me ya sa ake so ya san cikin injinsa, ba hannayen tuƙi kaɗai ba. Ni ina ganin girman wannan aikin ƙwarai, kuma yana ba ni haushi in ji ana raina shi don mai yinsa ba shi da digiri.

Yanzu kai da ke Gombe. Ramin Maiganga da ke ƙaramar hukumar Akko, wanda ke ba kamfanin simintin Ashaka kwal, daga sama ake haƙarsa, haka na kamfanin SONICHAR a Anou Araren kusa da Tchirozérine a Nijar, don haka babu rijiya babu keji, matsalolinsu na gangaren bango ne da nakiya da manyan motoci da ƙura da ruwa. A Najeriya abin da ke gabanka bayan digiri shi ne rajista da COMEG, majalisar injiniyoyin ma'adinai da masana ƙasa, sannan ka san dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 da kyau, don su sufetocin ma'aikatar ke bi. Satifiket ɗin kowace ƙasa a kan dokarta aka gina shi, na Indiya don ramukan Indiya ne. In zurfi kake so, Afirka ta Kudu na da nata jarrabawar ta manajan kwal da ta direban injin, Gana ma sashen sufetoci na hukumar ma'adinanta na yin irin wannan, kuma a Obuasi akwai rijiyoyi masu zurfi da injunan jan keji, sai dai zinariya ce can ba kwal ba.

Abin da zan roƙe ka tun yanzu, duk inda ka je aikin koyo ko bautar ƙasa, ka buɗe littafi ka riƙa rubuta wane sashe ka yi aiki, daga wace rana zuwa wace, a ƙarƙashin wa, ka sa a sa maka hannu da hatimi kafin ka bar wurin, don neman sa hannu bayan shekara biyar wahala ce, manajan ya tashi ko kamfanin ya rufe. Ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa ka karɓi takardarsa. Kuma kada ka maƙale a ofis, ka bi masu nakiya da masu awo da masu gyaran inji bakin aikinsu, don shekarun da waɗannan hukumomi ke ƙirgawa na cikin rami ne.