Kuɗi ne ke kawo lafiya da kwanciyar hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana gardama ni da yayana. Shi ya ce in kana da kuɗi lafiya da kwanciyar hankali da kansu za su biyo ka, ni kuma na ce ai manyan ne ma hawan jini da ciwon zuciya ke kayarwa. Wai masana sun taɓa binciken wannan kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa. Toh kar ki ji haushi, yayanki ya fi ki kusa da gaskiya, amma shi ma bai cinye duka ba.

Tun 1975 Samuel Preston ya jera ƙasashen duniya yana duba samun mutanensu da tsawon ransu (matsakaicin lissafi ake nufi fa, ajali na Allah ne), sai ya ga a ƙasashe matalauta ɗan ƙarin kuɗi kaɗan yana ƙara shekaru sosai, amma da an yi arziki sai ƙarin ya dinga raguwa. Ki duba Kosta Rika, wata ƙaramar ƙasa a yankin Amurka ta Tsakiya, ba ta kama ƙafar ƙasar Amurka a dukiya ba amma mutanenta sun fi daɗewa a duniya.

Maganarki ta manya kuwa a nan aka kayar da ke. A Landan an bi ma'aikatan gwamnati tun daga 1967, binciken da Michael Marmot ya yi suna da shi, duk masu albashi ne kuma asibiti kyauta ne ga kowa, amma sai ga shi masinja da mai tsaron ƙofa na mutuwa kusan ninki uku na manyan ofis. Ashe ba oga zuciya ta fi kamawa ba, wanda kullum sai dai a ce masa je ka, zo nan, ba shi da ta cewa a aikinsa, shi ne abin ya fi ci.

Kwanciyar hankali fa? A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka ce a Amurka jin daɗin yau da kullum na daina ƙaruwa in samun mutum ya kai wajen dala 75,000 a shekara. Matthew Killingsworth ya musa a 2021, su ma gardamar suka yi kamar ku, har suka sake lissafi tare da Kahneman a 2023, sai aka ga yawancin mutane daɗin na ƙaruwa da kuɗi, illa wajen kashi 20 cikin 100 da suka fi kowa damuwa, su kam daga kusan dala 100,000 ƙari ba ya musu komai.

Ki kuma tuna wa yaya cewa wani ba talauci ne ya sa shi ciwo ba, ciwon ne ya hana shi fita nema ya cinye abin da ya tara.