Amsar Gwaggo Kan Batun Littafinki

'Yata, saƙonki ya iso. Wai kina rubuta labarin soyayya na zamaninmu, wasu masu shirya fim sun nuna suna so, kuma kina tambaya ko a al'ada budurwa kan buɗe baki a wurin zance ta ce wa saurayi tana son sa. Na yi dariya har ƙwalla, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don na gane ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya ba ku labarin nan.

Mu a cikin birnin Kano, wajejen 1975, saurayi ba ya zuwa shi kaɗai. Sai bayan isha'i zai zo da abokinsa, su aiko yaro ya ce ana sallama da wance. Ke kuma ba za ki zabura ba. Sai an sake aike, sai Inna ta ce tashi mana kin bar mutane tsaye, sannan ki ja mayafi, ƙanwarki na biye da tabarma da fitilar ƙwai. Abokin nan shi ne bakin saurayi, shi ke zuba, ke kina ta tsinkar bakin tabarma.

Wani dare cikin damina, baban su Yaya ya zo, lokacin ko gaisuwar iyaye ba a kai ba. Muna zaure hadari ya haɗo, abokinsa ya fita kai keke maƙwabta. Iska ta taso ta kashe fitila, ƙanwata ta ruga cikin gida neman ashana, aka bar mu mu biyu cikin duhu. Ban ji ya ce komai ba, sai ƙarar takalminsa. Ashe fita ya yi ya tsaya a ƙofar gida, ruwa na dukansa, da sabuwar shaddarsa da hular da ya aro. Ashanar ta yi sanyi, yarinya ta daɗe tana fama. Bai dawo ba sai da haske ya dawo, yana ɗigar ruwa, ya zauna can nesa ya ce, "Ina gajiya?" kamar yanzu ya iso. Washegari kakata Iya, wadda ashe tana jin komai daga ɗakinta, ta kira babanmu ta ce wannan yaron a ba shi. Ni kuwa wata guda na yi ina ɗinka masa hula a ɓoye, na ba ƙanwata ta kai. Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa kiran sunansa ba.

Iya kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Takan kuma ce abin da baki ya yi saurin faɗa, saurin janye shi yake yi.

Mayar da littafi fim ba yau aka fara ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa tun 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Mu 'yan mata ba a barinmu sinima, sai yayyenmu maza su je Plaza a Fagge su dawo suna rera waƙar Indiya. Da bidiyo ta shigo a shekarun 1990, aka yi ta kwasar littattafan soyayya na kasuwar Kano ana mayarwa fim, mu ma muka kalla a gida. Abin da ke damuna, a takarda kina iya shiga zuciyar yarinya ki faɗi abin da ta ɓoye. Mai fim kuwa idan ya rasa yadda zai nuna, sai ya cusa mata maganar a baki, ko ya kai su lambu su yi rawa. Ku kuma kun taso kuna ganin haka, kuna hira a waya har asuba, kun ɗauka mu ma haka muka yi. Kunyar nan da kuke gani kamar ƙauyanci, da ita muke gane wa ke son wa.

Kada ki sa hannu a wata takarda sai babanki ya karanta, kuma ki nemi a rubuta cewa ba za a canza miki labari ba sai da saninki. Ranar Juma'a ki zo da babin zancen ki karanta mini, idona ba ya ganin rubutun waya. Ki gaishe da mamanki.