Likita Ya Amsa: Damuwar da ke Cin Matasa a Ɓoye

Tambaya: Likita, na gama bautar ƙasa tuntuni, har yau ba aiki. Barci ya ƙaurace min, na daina zuwa majalisa, abinci ma sai an matsa min. A gida cewa ake lalaci ne. (Matashi daga Zariya)

Amsa: Ɗana, malalaci yana barci, yana kuma cin tuwonsa. Idan ƙuncin zuciya da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 kusan kullum, ciwon damuwa muke zargi, kuma yana da magani. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da kai. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Idan an ba ka ƙwayoyi, sukan ɗauki makonni kafin ka ji sauƙi, kada ka watsar da su a kwana uku. In kuwa tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, ka faɗa wa wani babba yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare. Iyaye kuma, don Allah a rage gori. "Sa'anninka duk sun yi aure" ba ta taɓa samar wa kowa aiki ba.

Tambaya: Duk lokacin jarrabawa sai gabana ya riƙa faɗuwa, numfashina ya sarƙe, gumi ya karyo min kamar zan mutu. An ce iska ce, an yi min ruƙiyya. (Ɗaliba daga Katsina)

Amsa: 'Yata, ki ci gaba da addu'a, amma a fara auna jininki, zuciyarki da maƙogwaronki. In duk lafiya lau, to firgici ne mai zuwa farat ɗaya. Yakan yi tsanani cikin kamar minti 10 sannan ya lafa, kuma ba ya kisa. Idan ya taso, ki zauna, ki shaƙi iska a hankali ta hanci, ki fitar a hankali ta baki. Ki rage kofi da lemon ƙara kuzari da kuke sha don karatun dare.

Tambaya: Ina tuƙa adaidaita sahu. Sai na sha tiramol nake iya yini ina aiki in haɗa balas. Ina so in daina. (Daga Kano)

Amsa: Madalla da wannan niyya, malam. Amma kada ka yanke lokaci ɗaya, ciwon jiki da gumi da rashin barci za su mayar da kai ruwa. Yawan shansa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga ka da fasinja a kan titi. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a riƙa rage maka sannu a hankali, kuma ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha a rana.