Amsa: Zuwa aiki da keke daga Samaru

Malam, ka tambaya ko za ka iya zuwa aiki da keke daga Samaru zuwa Tudun Wada. Za ka iya, Zariya ba ta da hawa sosai. Mahaɗar titin Kwangila da ke kan hanyarka ce matsalar. Nan tireloli da tankokin mai suke haɗuwa, ga 'yan acaɓa suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Gefen titin da mai keke zai bi kuwa, yashi ya cinye rabi, masu tebur sun kama sauran.

Da hukuma za ta share gefen nan ta kange shi da siminti, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun huta da kuɗin mota. Kafin nan, fita da sassafe, sa fitila gaba da baya, kuma kar ka raɓi tirela ta dama wajen kwana, direban ba ya ganinka.